Hoton Baba a Jaridar Ailan

Yau wata biyu da dawowarmu daga ƙasar Ailan, kuma har yanzu ban huta da tambaya ba. Malaman firamaren da nake koyarwa a Shagari suna tare ni in an fita hutun tara, ƙawayena na Bodinga kuma har ɗaki suke bi na duk ran da na je gida. Kulu yaya jirgi, Kulu da gaske ne ba su cin tuwo. In na fara ba da labarin sai in kai wani wuri muryata ta ɗauke, in ce musu sai wani jiƙon. Rabi ta ce girman kai na koyo a Turai. Ba girman kai ba ne, Rabi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta miƙa wa 'yar'uwarta.

Sai na fara da wanda muka je wurinsa. Sunansa Mista Fintan, amma a Bodinga Baturen Albasa ake ce masa. Ya zo Sakkwato lokacin mulkin farar hula, ina aji uku a sakandare, ya kawo injinan buga takardu don 'yan siyasa suna ta buga hotunansu. Wata rana yana wucewa ta kasuwarmu ya ga tulin albasa tana ruɓewa, ya tsayar da mota ya tambayi mai ita. Mai ita Babana ne, Malam Umaru. Daga nan suka ƙulla. Ya sa dukiyarsa aka gina rumfar busar da albasa a bayan gari, Baba ke kai shi fadamu har Danchadi da Dingyadi. Hausarsa kaɗan ce, Baba kuma ba ya jin Turanci, saboda haka in na zo hutu ni ce tafinta. Yakan zauna a tabarmar zaurenmu ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya sha fura, ya ɗauki hoton duk abin da ya motsa. Da abubuwa suka tsananta, kayan gyaran inji suka daina shigowa, soja kuma suka karɓi mulki, sai rumfar ta tsaya, ya koma ƙasarsu. Sun rabu lafiya, har Baba ya raka shi tasha.

Sai shekarar fari ta zo. Gero bai yi ba, mutane na bin layin sukari da sabulu a birni. Mu dai Allah ya rufa mana asiri saboda fadama, har gidaje huɗu na maƙwabta daga rumbun Baba suke ci. Ana cikin haka wata babbar ambulan ta iso daga Ailan. Baba na zaune a ƙofar gida da abokan hirarsa bayan la'asar, ya sa aka kira ni. Jarida ce, ɗaya daga cikin jaridun Mista Fintan. A shafin farko ga Baba, zaune bakin rijiyar fadama, da yagaggiyar taguwar aikinsa, da ƙwarya wofi a hannu. Na tuna ranar da aka ɗauka, fura ya gama sha. Kun kuma san Baba, ko a shekarar ƙoshi siriri ne.

Ya ce, "Karanta muna, mi anka rubuta?"

Na duba, na so in yi ƙarya, ban iya ba. An rubuta cewa ga wani tsoho mai fama da yunwa a Afirka, a taimaka. Babu suna. A cikin wasiƙar da ya haɗo, Mista Fintan yana murna, wai hoton ya sa mutanen ƙasarsu sun tara taimako mai yawa. Na fassara duka a gaban mutane. Sai Malam Sani mai goro, wanda abokin wasan Baba ne, ya ce, "Ashe Umaru bara taka har Turai ta kai, mu ba ka gaya muna ba." Aka yi dariya. Baba ya ninke jaridar ya shiga gida. Kafin sati maganar ta zaga kasuwa. Ya daina zaman ƙofar gida. Wasiƙu uku suka biyo baya, ya soke su a jikin azara bai bari na buɗe ba.

Ta huɗu da wani rubutun hannu ta zo, shi ya sa na buɗe ba da izni ba. Matarsa ce, Madam Nora. Ta ce likita ya ce saura makonni, kuma ba wanda yake kira sai Umaru. Ga tikiti biyu. Na karanta wa Baba, ya kwana biyu a kanta. A rana ta uku ya ce in nemi izni a makaranta, za mu je a yi fasfo. Na tambaye shi ko ya yafe ke nan. Ya ce, "Ban ce ba. Akwai magana bakina, kuma ba ni son ta riske shi cikin ƙasa. Ke za ki hwaɗa mai. Duk abin da nic ce, yadda nic ce, kada ki rage ko kalma guda. Kin yi alkawari?"

Na yi alkawari. Daga ranar tsoro ya kama ni. Jirgi ma yana ba ni tsoro, amma abin da ya fi shi shi ne a ce da bakina za a gaya wa mai mutuwa baƙar magana.

Mun bar Bodinga da hantsi a ƙaramar bas. Inna ta ɗaura mini yaji a ƙullin leda, ta ce ta ji an ce abincinsu kamar na asibiti yake. Baba kuwa kayansa kaɗan ne: buta, buzu, babbar rigarsa ta Sallah a ninke cikin zane, da albasa biyar da ya zaɓo da hannunsa, kowace kamar kan jariri. Daga Sakkwato muka shiga ta Kano. Kafin Gusau soja suka tsayar da mu sau uku. A na ukun suka sauke kowa, suka sa wani ɗan kasuwa tsallen kwaɗo don ya yar da ɓawon gyaɗa ta taga. Wani soja ya kwance ƙullin Baba ya ga albasa, ya tambayi ina za mu. Baba ya ce Turai. Sojan ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga mai kai albasa Turai, suka yi ta dariya, suka sallame mu ba su ko duba jakata ba.

A Kano mun sauka gidan Alhaji Ɗanjuma, dillalin albasa abokin cinikin Baba. Matarsa, Hajiya Yalwa, ta taɓa zuwa hajji a jirgi, don haka ta zaunar da ni ta ba ni darasi. Kada in zauna kusa da taga. In kunnena ya toshe in tauna goro. In na shiga ban-ɗakin jirgi kada in taɓa maɓalli ina zaune, don ta san wadda ya kusa zuƙewa. Ta ƙara mini tsoro a kan tsoro, amma ta cika mini jaka da dambun nama, Allah ya saka mata.

Ba zan ce muku komai a kan tashin jirgi ba, don idona a rufe yake, hannuna cikin na Baba. Rabon da in riƙe hannunsa tun ina 'yar shekara shida. Shi kuwa sai ka ce a bas ɗin Dingyadi yake. Abin da ya dame shi kawai alƙibla. Ya sa na tambayi ma'aikaciyar jirgin, ta je ta tambayo direba, ta dawo ta nuna bayan fiffiken dama. Ya yi sallarsa a zaune. Da aka kawo abinci ya buɗe ya rufe, muka ci dambun Hajiya Yalwa.

A Landan aka ce mu canja jirgi. Nan na gamu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a gindinta kamar an kafe ni, mutane na ratsa ni ta ko'ina. Baba ya sa ƙafa ɗaya, ta tafi da takalminsa ta bar shi. Muna tsaye muna kallon takalmi yana hawa shi kaɗai sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, Baaba." Wata baƙar mata ce mai shara, 'yar zangon Kumasi, da irin Hausarsu. Ta hau ta ɗauko takalmin, ta bi da mu ta wata matakala ta gaske, ta kai mu har ƙofar jirginmu. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin na damuna.

A Dublin ne aka kama albasa. Wani jami'i mai jar fuska ya jera su a kan tebur, ya ce dokarsu ta hana shigo da kayan gona. Na fassara. Baba ya ce in gaya masa ba ta sayarwa ba ce, shaida ce. Jami'in ya ce shaidar me? Baba ya ce, "Ce mai shaidar ba ni jin yunwa." Mutumin bai gane ba, ya dai ba da haƙuri har sau uku, ya ɗaga ɗaya yana juyawa, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sannan ya zuba su a kwando. Sai da muka fita na tuna huɗu na gani a teburin. Na dubi Baba. Ya dafa aljihun rigarsa ya ce, "Ƙulli yat tambaya. Bai tambayi aljihu ba."

Madam Nora da kanta ta zo tarbarmu, ita ke tuƙi, tsohuwa mai furfura, ta kai shekarun Inna ko ta fi. Ta miƙa wa Baba hannu, ya dafa ƙirji ya sunkuya, ta gane nan take, ita ma ta dafa nata. Ni kuwa ta rungume ni kamar ta san ni, ta ce ai hotona da kayan makaranta yana ɗakinsu. Tafiyar awa huɗu ce zuwa garinsu a bakin teku, ana yayyafi duk hanya. Baba ya ga tumaki a fili ko'ina, kowace da shafin fenti a baya, ya yi ta neman makiyayi bai gani ba. Ya ce, "Ƙasar ga ko dai babu ɓarayi, ko ɓarayin nan ba su san daɗin nama ba."

A hanyar ce ta ba mu tarihin mijinta, ina fassara wa Baba. Uwarsa kifi take sayarwa, ubansa ya tafi Ingila neman aiki bai dawo ba. Yana yaro yake tallan jarida. Da ya girma ya shiga maɗaba'ar jaridar garin yana jera haruffa, kuma da mai ita ya gaji zai rufe, shi ya karɓa, ita Nora tana rubuta labaran aure da na mutuwa. Ya ce mutum zai sayi jarida in ya san zai ga sunansa ko na maƙwabcinsa a ciki, don haka ba gasar ƙwallo ko cinikin saniya da bai buga da sunayen mutane ba. Jarida ɗaya ta zama biyar. Ya sa hannu a gidan rediyo, da otal, da kamfanin jirgin kamun kifi da ya nutse da dukiyarsa, da rumfar albasar Bodinga. Ta ce rabin abin da ya taɓa ya yi albarka, rabi ya lalace, shi kuwa waɗanda suka lalacen ya fi so.

Da na kai wurin maganar sunaye, Baba ya ce, "Sake hwaɗin wanga." Na sake. Ya juya yana kallon tumaki.

Gidan bene ne, an ba mu ɗakuna biyu a sama. Mista Fintan ya yi barci lokacin da muka isa, aka ce sai da safe. A kicin Nora ta nuna mini tukunya sabuwa da cokula sababbi, ta ce mijinta ya gaya mata ba mu cin alade, ta ji tsoron tsofaffin tukwanenta. Kifi ta dafa da dankalin Turawa. Washegari ma dankali, jibi ma dankali, dafaffe, ko dakakke, ko soyayye. Yajin Inna ne ya cece mu. Nora ta ɗanɗana a bakin cokali, ta yi ta tari har da hawaye, ta kuma ce in bar mata ragowar. Wani abin da ya ba ni mamaki, suna da irin kunyarmu. In an ce ka sha shayi sai ka ce a'a, a sake, ka ce a'a, sai a na uku ka karɓa. Nora da Baba suka haɗu, ita ba ta gajiya da tayi, shi ba ya gajiya da cewa ya ƙoshi, ni ina tsakiya ina kai wa ina kawowa har shayin ya huce. Rana kuma ba ta son faɗuwa a can. Baba ya yi alwalar magariba ya zauna jira, ya gaji ya ce ko ranar garin ga ita ma tafinta take jira.

Da safe ya fito cikin babbar rigar Sallah, da hula, da turare. Na ga tudun albasa a aljihun dama, na ga bakin tsohuwar jaridar a na hagu. A bakin ƙofa na ce, "Baba, mutumin nan ba shi da lafiya." Ya ce, "Na sani. Kin yi alkawari."

Da muka shiga ɗakin Mista Fintan ban gane shi ba. Mutumin da yake sunkuyawa kafin ya shiga zaurenmu ya koma kamar an shimfiɗa riga a kan gado. Idanun ne kawai nasa. Ya ce da Hausarsa, "Umaru. Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Baba ya amsa, ya tambaye shi jiki, ya tambayi iyali, bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Sannan ya zauna, ya warware jaridar a kan bargo.

"Tambaye shi, wane na wanga?"

Na tambaya. Ya ce, "Kai ne."

"Ina anka rubuta ni na?"

Ya dubi jaridar. Baba ya ci gaba, ni ina bin sa da Turanci. Ya ce ka ci tuwon gidana shekara uku. Ka san rumbuna, kai ka ƙirga su da yatsa kana dariya. Jiya matarka ta ce ko saniya anka sayar garinku sai ka buga sunan mai ita. Ni ka mai da ni wani tsoho. Yunwa gaskiya ta, an yi ta, da ka tambaye ni da na kai ka wurin masu ita, in sun yarda ka ɗauke su. Ba ka tambaya ba. Shekara guda ban zauna ƙohwar gidana ba.

Na faɗa duka. Allah ya sani akwai inda na so in sassauta, sai in ga Baba na kallon bakina kamar yana jin Turancin. Nora na tsaye jikin taga, ta sa hannu a baki.

Mista Fintan ya daɗe yana neman numfashi. Na ɗauka zai ce yaransa ne suka yi. Sai ya ce shi ya zaɓa da hannunsa. Hotuna sun fi ɗari a gabansa, ya ɗauki na Baba don ya san fuskar da ba wanda zai iya kau da kai daga gare ta. Ya san Baba ba ya jin yunwa. Ya cire sunan ne don da sunan ƙaryar ba ta yiwuwa. Ya ce shekara arba'in yana sayar da jarida, ya san abin da ke sayuwa, ranar kuma ɗan jarida ya rinjayi aboki. Ya ce, "Ba ni da hujja. Ka yafe mini in za ka iya."

Na fassara, na tsaya ina jin bugun agogon bango. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da albasar ya ɗora masa a ƙirji. Mutumin ya kama ta da hannu biyu, ya kai hanci, ya rufe ido. Ya ce, "Danchadi." Baba ya ce, "Bodinga dai. Har yanzu ba ka san albasa ba." Wannan ba sai da na fassara ba, ya yi dariya har ta zame masa tari.

Baba ya ce, "Ce mai na yahe. Amma shi tashi shi gyara aikinai. Ina abin ɗaukar hoton?"

Nora ta ɗauko kyamarar, wadda dai muka sani. Aka tayar da shi da matasai. Baba ya tsaya jikin taga ya baza riga, ya gyara hula, ya ɗaure fuska yadda dattawa ke yi. Amma hannun Mista Fintan ya kasa ɗaukar nauyinta. Ya ce, "Kulu, taimake ni." Na durƙusa bakin gado na tallabi hannayensa da nawa. Sanyi gare su kamar randa. Shi ya leƙa, shi ya danna. Bayan haka ya sa na ɗauki biro, ya faɗi abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoton, ya sa na karanta wa Baba da Hausa, ya tambaya, "Ka yarda a buga?" Baba ya ce ya yarda.

Mista Fintan ya ƙara kwana biyu. Baba na wuni a ɗakin, suna hira da guntuwar Hausa da hannu, sau da yawa ba su ma nemana. A rana ta uku da hantsi ya cika.

Nan ne muryata ke ɗaukewa in ina ba ku labari. Mu a gida, mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi, mu mata kuma daga cikin gida muke jin fitar makara. Ban taɓa ganin gawa ba. Na ga Nora ta buɗe taga, ta tsayar da agogo, ta rufe madubi da zane, na ɗauka shi ke nan, an tafi da shi. Washegari da rana gida ya cika. Wata mata ta miƙo mini faranti da kofunan shayi ta ce in kai falo. Na tura ƙofa da kafaɗa. Yana tsakiyar ɗakin, cikin akwati a buɗe, an sa masa kwat, an taje masa kai, hannayen nan da na riƙe an haɗa su a ƙirji. Mutane kewaye da shi suna cin burodi suna dariya.

Farantin ya faɗi. Ban san lokacin da na fita ba, sai na gan ni a bayan gida cikin yayyafi, haƙorana na haɗuwa. Nora ce ta biyo ni, ita da mijinta ya mutu, ta lulluɓa mini rigar sanyinta. Na ce mata yaya za a yi dariya a kansa? Ta ce ba a kansa ake yi ba, da shi ake yi. Al'adarsu ce a raka mutum da labarinsa, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki ko na minti ɗaya har a kai shi.

Na koma na tsaya daga bakin ƙofa. Ma'aikatan maɗaba'a sun zo da baƙin tawada a faratansu, masunta sun zo, manya masu motoci sun zo daga Dublin. Kowa ya shigo sai ya kama hannun Nora ya ce yana taya ta jin wannan wahala, kamar dai namu na ya haƙuri. Wani tsoho ya ba da labarin yadda Fintan yana yaro yakan tsaya ƙofar coci ya faɗi rabin labari da ƙarfi, ya yi shiru, sai ka saya ka ji ƙarshen. Wata mata ta ce ya kori mijinta daga aiki sau biyu, ya kuma biya wa 'ya'yanta makaranta. Wani ya ce mutum ne mai wuyar sha'ani, aka ce haka ne, aka sha shayi. Mu ba mu faɗin aibin mamaci. Su suna faɗa a gabansa, kuma ban ji ƙiyayya a ciki ba.

Wajen la'asar mutane suka ragu, Nora ta kusa faɗuwa don gajiya, ana neman wanda zai zauna. Na gaya wa Baba al'adar. Ya tashi ya ja kujera kusa da akwatin. Na ce, "Baba, ya halatta?" Ya ce, "Salla ba ni yi mai, tsakaninai da Ubangijinai na. Amma ya zauna zaurena shekara uku, in zauna nashi awa guda." Ya dube ni, ya ce, "Tahi ki kwanta. Yanzu ba mu bukatar tahinta." Ban tafi ba. Na zauna a dokin ƙofa na ba akwatin baya har awar ta cika.

Jaridar ta fito ana gobe za mu taso. Labarin rasuwarsa ya cika shafin farko, da dukan abin da ya mallaka da abin da ya yi asara. A shafi na uku ga Baba. Hoton ya karkace, saman hular ya yanke. Nora ta ce in yana so a kira mai hoton jaridar ya sake. Baba ya ce a bar shi. Da za mu rabu ta ba ni rigar sanyin nan, ta ce albasar kuma tana cikin akwati tare da shi, ita ta sa.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai, sai dai na hau matakalar Landan da ƙafata, idona a rufe. Har yanzu in agogon ofishin hedimasta ya tsaya sai gabana ya faɗi, kuma ban iya ɗaukar farantin shayi.

Ran da muka iso Bodinga, bayan la'asar, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Abokan hirarsa suka taru, har da Malam Sani mai goro. Ya sa aka kira ni ya miƙo jaridar. Na tsaya inda na tsaya bara na karanta musu da Hausa: "Malam Umaru na Bodinga, manomin albasa, wanda ya ciyar da maƙwabtansa a shekarar fari. Na taɓa buga hotonsa ban tambaye shi ba, na ce yana jin yunwa, na ɓoye sunansa. Ƙarya na yi. Abokina ne."

Jaridar ta zaga hannu hannu. Malam Sani ya daɗe yana dubawa, ya juya ta dama ya juya ta hagu, ya ce, "To Umaru, rigar ta hito. Amma duk Turai an rasa mai ɗaukar hoto miƙe?"

Baba ya karɓi abarsa ya ninke a hankali. Ya ce, "Hannun mai ɗauka ka rawa. Matsa in zauna."

Ban ce musu komai ba a wurin. Amma ku da kuka matsa sai kun ji, hannuna ne ke ƙarƙashin nasa, kuma nawa ya fi nasa rawa.